Addinin Ɗan Takara a Idon Mai Karatu: Tsokaci Daga Unguwar Tudu

Gabatarwa

Duk lokacin da kakar zaɓe ta kama a ƙasar Hausa, akwai wani nau'in rubutu da yake tsirowa kamar ciyawar farkon damina, ya rufe fili na 'yan watanni, sannan ya bushe da zarar an rantsar da wanda ya yi nasara. Rubutun nan shi ne mai ba da labarin addinin ɗan takara: a wane masallaci yake Juma'a, gaban wane malami yake zama, ƙabalu yake yi ko sadalu, sau nawa ya je Umara, matarsa tana lulluɓi ko ba ta yi. Wani lokaci yakan fito a shafin jarida, amma galibi a waya yake yawo, ta WhatsApp da Facebook da TikTok, babu sunan marubuci, babu kwanan wata.

Manazarta Hausa sun yi aiki mai yawa a kan waƙoƙin siyasa, tun daga na zamanin NEPU da NPC har zuwa na mawaƙan sutudiyo na yau. Shi kuwa wannan gajeren rubutu, duk da yawan masu karanta shi, bai samu irin wannan kulawa ba. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne: mai zaɓe yana da haƙƙin ya tambayi addinin wanda yake neman ya shugabance shi, amma rubutun da ake miƙa masa a kakar zaɓe ba wannan tambayar yake amsawa ba. Tambayar da yake amsawa ita ce ko ɗan takara namu ne ko nasu. Ma'aunin da ya fi wannan inganci yana nan cikin rubuce-rubucen magabatan ƙasar Hausa da cikin harshen Hausa kansa, kuma nauyi ne a kan masu nazarin Hausa su fito da shi fili.

Me Ya Sa Unguwar Tudu?

Unguwar Tudu ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano, yankin da ya yi iyaka da Jihar Katsina. Gwarzo da maƙwabciyarta Kabo kujera ɗaya suke tarayya a kanta a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma dukansu suna cikin mazaɓar Sanatan Kano ta Arewa. Ƙasa ce ta manoman masara da dawa da gero da gyaɗa, amma a fagen siyasa ba kanwar lasa ba ce. Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2011. Sanata Barau Jibrin, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a watan Yunin 2023, mutumin Kabo ne. Daɗin daɗawa, a zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris, 2023, manyan jam'iyyun nan biyu duk daga wannan yanki suka ɗauko abokan takara: NNPP ta haɗa Abba Kabir Yusuf da Aminu Abdussalam Gwarzo, ita kuwa APC ta haɗa Nasiru Yusuf Gawuna da Murtala Sule Garo, tsohon shugaban Ƙaramar Hukumar Kabo.

Wannan ya sa mai zaɓe a Unguwar Tudu yana riƙe da sani iri biyu. Akwai sanin ido, wanda yake yi wa kansila da ciyaman da ɗan majalisa, mutanen da ya san gidajen iyayensu, ya haɗu da su a jana'iza da ɗaurin aure, ya kuma san wanda ya ci bashi ya biya da wanda ya yi alkawari ya saɓa. Akwai kuma sanin karatu, wanda yake yi wa ɗan takarar shugaban ƙasa daga Legas ko Anambara ko Adamawa, wanda bai taɓa gani ba sai a hoto. Gwargwadon nisan ɗan takara, gwargwadon ƙarfin da rubutu yake samu a kan mai zaɓe. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda a 'yan shekarun nan sanin karatu ya fara cin iyakar sanin ido, har mutum ya fi gaskata saƙon waya a kan aƙidar ɗan garinsu fiye da abin da idonsa ya gani shekara da shekaru.

Ya kamata a lura cewa karatu a irin wannan wuri ba aikin mutum ɗaya ba ne. A majalisa ko teburin mai shayi, matashi ɗaya ne yakan karanta saƙo da ƙarfi, goma su saurara, kowannensu kuma ya kai shi gida da baki. Haka nan rubutu yana da wata alfarma ta musamman a wurin Bahaushe, domin tare da addini ya fara saninsa, ta hanyar allo da tawada. Saƙon da ya buɗe da Bisimilla, ya rufe da roƙon a tura wa 'yan'uwa don Allah, aron wannan alfarma yake yi, ko da abin da ke tsakiyarsa tallar jam'iyya ce tsantsa.

Siffofin Rubutun

Duk wanda ya tara irin waɗannan saƙonni ya jera su zai ga siffofi huɗu suna maimaita kansu.

Ta farko, kirari ne da zambo a cikin rigar wa'azi. Ɗan takarar da ake so shi ne mai kishin addini, garkuwar malamai, mai gina masallatai. Wanda ba a so shi ne ɗan boko aƙida, ko yaron Yahudawa, ko mai ɓoye aƙidarsa. Kirari ba baƙo ba ne a siyasar Hausa, kuma laƙubba irin su Khadimul Islam da magoya baya suka sa wa Abdullahi Umar Ganduje, ko Mai Gaskiya da aka sa wa Muhammadu Buhari, kowa ya san daga bakin masoya suka fito. Idan maroƙi ya wasa gwaninsa, mai sauraro ya san akwai tukuici a gaba. Ko sojojin baka na gidajen rediyon Kano, an san sunayensu, an kuma san gidan siyasar da suke wa aiki. Saƙon waya shi ne maroƙin da ya rufe fuska ya hau mumbari.

Ta biyu, rubutun ba shi da isnadi. Wannan abin mamaki ne a cikin al'ummar da ko ɗalibin Islamiyya ya iya tambayar ko hadisi ya inganta, ya kuma san cewa malaman hadisi sun ƙirƙiri fanni sukutum na tantance masu ruwaya. Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Duk da haka, saƙon da ya jefi mutum da fita daga addini yakan wuce hannu ɗari ba tare da wani ya tambayi wanda ya fara rubuta shi ba. Isnadinsa gaba ɗaya kalma ɗaya ce: wai.

Ta uku, alama ce take maye gurbin aiki. Hoton ɗan takara sanye da harami a gaban Ka'aba, carbi a hannu, rabon gero da sukari a watan azumi, kujerar Makka ga limami, masallacin da aka kafa wa allo mai ɗauke da sunan wanda ya gina. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake abin zargi a kan kansa, kuma niyyar mai yi tana wurin Allah. Matsalar ita ce dukansu abubuwa ne da kuɗi yake saya, kuma wanda ya fi kowa ɗibar dukiyar jama'a shi ne ya fi kowa ikon sayen su. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan karin magana ya girmi zamanin da ake gyara fuska a kwamfuta kafin a buga ta a fasta.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce iyakar da rubutun yake shatawa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan abokin hamayya Kirista ne, sai a ce Musulmi za a zaɓa. Idan duka biyun Musulmi ne, sai a fara tambayar ko Musuluncin mutumin Kudu ya kai na mutumin Arewa. Idan duka biyun 'yan Kano ne, kamar yadda yake a kusan kowane zaɓe da ya shafi Gwarzo da Kabo kai tsaye, sai a koma kan ɗariƙa da Izala, ko a jefa zargin Shi'anci. Iyakar tana ta matsowa har ta ratsa tsakar gida ɗaya, ta raba wa da ƙane. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba addini ne yake haifar da rubutun ba. Buƙatar a raba masu zaɓe gida biyu ce take haifar da shi, addini kuwa shi ne wuƙar da ta fi kaifi a kusa.

Waiwaye Adon Tafiya

Ba yau aka fara ba. Tun bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, abokan hamayyarta sun riƙa siffanta 'ya'yanta da marasa ɗa'a, masu saɓa wa shugabannin da addini ya ce a bi, musamman saboda ƙawancenta da NCNC ta Nnamdi Azikiwe. Alhali kuwa Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri, haka ma Malam Sa'adu Zungur masani ne a fannonin addini. Su ma 'yan NEPU ba su bar filin ba, domin da harshen addini suka yi ta sukar zaluncin hakimai da alƙalai. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu shaida ne a kan haka. John Paden, a littafinsa na 1973 a kan addini da al'adun siyasa a Kano, ya nuna yadda ɗariƙu da jam'iyyu suka sarƙe da juna, har bayan murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya a 1963 magoya bayansa suka kafa jam'iyyar KPP.

Misali ɗaya daga wancan zamani ya cancanci a tsaya a kansa. A Jamhuriya ta Farko matan Arewa ba su da ƙuri'a, kuma daga cikin hujjojin da aka riƙa kafawa har da na addini da al'ada. NEPU ta goyi bayan a ba su, mata irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri da duka a fafutukarsu ta siyasa. Sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan haƙƙi, suka shiga babban zaɓen 1979. A yau babu ɗan takarar da ba ya roƙon ƙuri'ar mata, babu kuma malamin jam'iyya da yake cewa su zauna a gida ranar zaɓe. Addinin bai canza ba tsakanin 1959 da 1979. Lissafin ƙuri'a ne ya canza, hujjar kuma ta bi shi.

Abin da Akwatin Zaɓe Ya Nuna

Idan aka ajiye saƙonnin waya aka dubi sakamako, za a ga cewa mai zaɓen Kano ya fi masu rubuta masa saƙo zurfin tunani. A ranar 12 ga Yuni, 1993, Kanawa sun fifita Moshood Abiola, Bayarabe daga Abekuta, a kan ɗansu Bashir Tofa. A 2011 Buhari ya tsaya da Fasto Tunde Bakare, a 2015 kuma da Fasto Yemi Osinbajo, kuma a zaɓen 2015 Kano ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan 1.9. A zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, 2023, lokacin da muhawarar tikitin Musulmi da Musulmi na Bola Tinubu da Kashim Shettima ta cika ƙasa, wanda ya lashe Kano shi ne Rabi'u Musa Kwankwaso, da ƙuri'a 997,279, alhali abokin takararsa Bishop Isaac Idahosa ne. Tinubu ya samu 517,341. A zaɓen gwamna na wannan shekara, Malam Ibrahim Khalil, ɗaya daga cikin fitattun malaman Kano, ya tsaya a jam'iyyar ADC, amma fafatawar ta kasance tsakanin Abba Kabir Yusuf mai ƙuri'a 1,019,602 da Gawuna mai 890,705. Da ilimin addini kaɗai ake cin zaɓe, da sakamakon ya sha bamban.

Ba ana nufin addini ba ya tasiri ba ne. A 2003, shekara uku bayan ƙaddamar da shari'a a Kano, Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, kuma alkawarin aiwatar da shari'a da gaske yana cikin manyan dalilan nasararsa. Sai dai ko a nan, abin da aka sa a gaban jama'a shiri ne na mulki, wanda daga baya ya fito a siffar Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Hubusi da shirin A Daidaita Sahu. Abubuwa ne da za a iya gani, a auna, a yaba ko a kushe. Akwai tazara mai nisa tsakanin ɗan takarar da ya ce ga abin da zan yi saboda addinina, da saƙon da ya ce wane ba namu ba ne.

Idan kuwa mai zaɓe bai cika bin saƙon ba a rumfar zaɓe, ina illarsa? Illarsa tana cikin abin da yake bari bayan zaɓe. Wanda aka cusa wa cewa zaɓe yaƙi ne tsakanin imani da kafirci ba zai ɗauki faɗuwa a matsayin faɗuwar jam'iyya ba. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa sama da mutum 800 ne suka rasa rayukansu cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, Musulmi da Kirista. 'Yan takarar sun ci gaba da rayuwarsu, wasunsu ma daga baya suka haɗu a jam'iyya ɗaya. Waɗanda aka binne talakawa ne.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ne a saurari masu ganin akasin wannan ra'ayi, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa Musulmi ba ya raba addini da rayuwa, don haka ba zai ajiye imaninsa a ƙofar rumfar zaɓe ba. Suna cewa shugaba yana naɗa alƙalai da ministoci, yana sa hannu a dokokin da suka shafi tarbiyya da iyali, saboda haka abin da ya yi imani da shi ya shafi kowa. Suna kuma cewa malami yana da haƙƙin ya shiryar da mabiyansa, kamar yadda shugabannin coci suke yi. Hasali ma Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta fito fili ta yi adawa da tikitin Musulmi da Musulmi tun a 2022, bisa tsoron a mayar da mabiyanta saniyar ware a mulkin ƙasa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba kira ake yi a kori addini daga siyasa ba. Ko a ƙasashen da suke alfahari da raba addini da gwamnati tambayar ba ta mutu ba. A watan Satumban 1960 sai da John Kennedy ya tsaya gaban taron limaman Furotesta a birnin Houston na Amurka ya kare kansa a kan kasancewarsa ɗan Katolika. A nan Afirka ta Yamma kuwa, Leopold Senghor, shi ma ɗan Katolika, ya mulki Senegal daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan manyan shehunan ɗariƙun ƙasar, waɗanda babu mai shakkar riƙonsu da addini. Sun auna shi ne da abin da zai yi wa manoman gyaɗa da almajiransu.

Amsar da za a ba masu wannan hujja ita ce: idan har addini ne ma'auni, to a yi amfani da shi gaba ɗayansa. Addinin da ya wajabta salla shi ne ya haramta cin amana da ƙazafi da yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Shi ne kuma ya hana a yi hukunci a kan abin da ke cikin zuciyar mutum, kamar yadda ƙissar Usama ɗan Zaidu ta koyar, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa faɗa mai tsanani a kan mutumin da ya kashe bayan ya furta shahada. Saƙon da ya keta waɗannan ƙa'idoji don ya kare addini ya rusa abin da yake iƙirarin ginawa. Sannan akwai maƙwabci. A ƙauyukan yammacin Kano da kudancinta akwai Hausawa Kiristoci da Maguzawa, masu cin kasuwa ɗaya da kowa, masu jin Hausa ɗaya da kowa. Saƙon da aka karanta da ƙarfi a teburin mai shayi su ma yana shiga kunnensu, kuma sun fahimci matsayin da ya ajiye su.

Ta fuskar doka, Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, kuma addini ba ya cikin sharuɗɗan tsayawa takara. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada a Sashe na 92, ta kuma tanadi tarar da ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, a Sashe na 97, ga wanda ya yi kamfe da addini ko ƙabila. Amma doka ba ta iya kama saƙon da ba shi da uba. Maganinsa yana wurin mai karatu.

Ma'aunin Magabata

Ƙasar Hausa ba ta rasa rubutu a kan addinin shugaba ba, kuma abin lura shi ne inda wannan rubutu ya sa nauyinsa. A ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarakuna. Ya fara da kyautata niyya, amma mafi yawan babukan a kan tsara mulki suke, da binciken al'amura, da adalci a shari'a, da tara dukiya ta halal da kashe ta inda ya dace, yana ta maimaita gargaɗi a kan sarkin da yake ɓuya wa talakawansa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, bisa roƙon mutanenta, a kan yadda ake hukunci da riƙon jama'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina, ya sa tsoron Allah a farko, sannan ya ɗaure shi da ayyuka na zahiri: kula da manoma da masu sana'a, gyaran kasuwanni da hanyoyi. Ya kuma nuna cewa kwaɗayin mulki kansa abin tuhuma ne ga mai nemansa.

Shi kansa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, abin da ya lissafa a kan sarakunan zamaninsa ayyuka ne: harajin da shari'a ba ta san da shi ba, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, ƙwace a kasuwa, sayar da hukunci ga mai kuɗi. A wasu rubuce-rubucensa kuma ya yi raddi ga ɗaliban da suke titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi suna kafirta wanda ya kasa amsawa. Muhawarar da aka yi ta wasiƙu tsakanin Bello da Shehu Muhammadu Alkanemi na Barno, a kan ko saɓo yana fitar da mutum daga Musulunci, ta nuna cewa magabata sun ɗauki wannan batu da nauyi, suna sa sunansu a ƙarƙashin abin da suka rubuta, suna jiran amsa. Malaman siyasar shari'a sun taƙaita sharuɗɗan riƙon amanar jama'a a abu biyu da suka ciro daga ƙissar Annabi Musa a Suratul Ƙasasi, wato iya aiki da riƙon amana.

Harshen Hausa ma ya yi wannan rarrabewa. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, Anthony Kirk-Greene ya tattaro siffofi goma da Bahaushe yake auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da yawa daga cikin kalmomin nan daga Larabci suka shigo tare da Musulunci, amma dukansu a mu'amala ake ganin su. Bahaushe yana iya cewa wane akwai ibada amma ba a ba shi ajiya, kuma kowa ya gane abin da ake nufi. Wannan jimla ita kaɗai ta fi saƙonnin kakar zaɓe dubu zurfin fahimtar addini.

Da wannan ma'auni, tambayoyin da mai zaɓe a Unguwar Tudu zai yi a kan addinin ɗan takara za su sauya kama. Da ya riƙe muƙami a baya, ina kuɗin ƙaramar hukuma suka shiga? Takin da aka ce an kawo, wa ya samu? Asibitin da ya yi alkawari, akwai magani da ma'aikaci a ciki, ko fenti ne kawai? Malaman firamare sun samu albashinsu cikakke? Da aka yi rikicin gona tsakanin na kusa da shi da wanda ba shi da kowa, ina ya tsaya? Waɗannan tambayoyi ne na addini, kuma suna da amsar da ido zai iya gani.

Nauyin da Ke Kan Manazarta Hausa

Abu uku ne suka rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu. Na farko, adanawa. Waƙoƙin NEPU da NPC sun iso gare mu ne saboda wasu sun buga su, wasu sun tara su, har aka samu nazarce-nazarce irin na Haruna Abdullahi Birniwa. Saƙonnin waya kuwa suna ɓacewa da zarar waya ta lalace. Idan ba a fara tara su da kwanan wata da wurin da aka same su ba, tare da sakaya sunayen mutanen da suka tura, mai nazarin da zai zo nan da shekara talatin ba zai san da wane harshe aka yi siyasar wannan zamani ba.

Na biyu, ƙwanƙwancewa. Kayan aikin da muke amfani da su a kan waƙa, wato jigo da salo da zubi, da nazarin kirari da zambo da habaici, sun dace da wannan rubutu. Ɗalibin da ya koyi gane inda saƙo ya aro rigar wa'azi, da inda ya sauya wai ta koma tabbas, ya samu garkuwar da zai koma da ita majalisar unguwarsu, domin shi ne mai karanta wa sauran.

Na uku, samar da abin karantawa. Mai zaɓe yana karanta labarin carbin ɗan takara ne saboda shi aka rubuta masa da Hausa. Kasafin kuɗin jiha, da rahoton mai binciken kuɗi, da bayanin kason da ƙananan hukumomi suke samu duk wata, da manufofin jam'iyyu, kusan duk da Ingilishi suke fita. Muddin bayanin aiki yana cikin harshen da manomi ba ya karantawa, bayanin alama kuma yana cikin harshen uwarsa, alama ce za ta yi rinjaye. Fassara waɗannan takardu zuwa Hausa mai sauƙi, a rubuce da kuma a murya, aiki ne da ya fi dacewa da masana fassara na sassanmu.

Kammalawa

Imanin mutum tsakaninsa ne da Mahaliccinsa, amma amanarsa tsakaninsa ce da jama'a, kuma ita ce aka ba mai zaɓe ikon bincikawa. Rubutun kakar zaɓe yana juya wannan tsari: yana gayyatar mai karatu ya yi hukunci a kan abin da ba zai taɓa sani ba, ya kau da kai daga abin da ke gaban idonsa. Mutanen Gwarzo da Kabo, da suka ga 'ya'yansu a kan manyan kujeru a ƙarƙashin jam'iyyu daban-daban, suna da abin aunawa a hannu fiye da yankuna da yawa. Wani zaɓen yana tafe, saƙonnin kuma za su dawo da sababbin sunaye a cikin tsohon zubi. Kafin a tura wa na gaba, tambaya biyu sun wadatar: wa ya rubuta wannan, kuma me wanda ake yabo ya yi da amanar da aka taɓa ba shi?